Ɗigo Ɗaya

Shekarar farko a Loja ko ƙwaya ɗaya ba su ba mu ba.
Na zo da farar riga, na yi mata guga har sau biyu,
ina zaton bayan kanta zan tsaya in riƙa miƙa wa mutane sauƙi.
Sai aka miƙo min ƙashi,
ƙashin hannun wani da ya daɗe da barin duniya,
an rubuta masa lamba da jan biro,
aka ce in haddace sunan kowane tudu da kwarinsa.

Litinin sinadarai.
Zobe mai kusurwa shida, na zana shi har ya bi ni barci,
ya zama saƙar zuma, ya zama tagar motar Saraguro.
Laraba hanta da ƙoda,
masu wanki biyu da ba a biyansu lada,
duk abin da ka haɗiya sai ya bi ta hannunsu.
Alhamis muka dangwala yatsa a faranti,
muka rufe, muka kai ɗaki mai ɗumi.
Bayan kwana biyu Yadira ta buɗe nata, ta yi alamar gicciye:
gari guda ya tsiro a sawun yatsanta,
unguwa fara, unguwa rawaya,
ita da ta fi kowa wanke hannu.

Amma lissafi ne ya kayar da ni.
Tambaya ta huɗu: yaro mai kilo goma sha ɗaya, jikinsa zafi rau,
nawa za ki zuƙa a sirinji?
Na ninka, na raba, na ja layi biyu ƙarƙashin amsa,
na fita ina gaigayar gasasshiyar masara.
Farfesa Ordóñez bai yi faɗa ba.
Takardar ya shimfiɗa, ya ɗora bakin fensir kan wani ɗigo
da bai fi kashin ƙuda ba,
ya zame gida ɗaya zuwa dama.
Ya ce, "Nélida, ninki goma kika ba shi.
Je ki gaya wa uwarsa."

Ba yaro, ba uwa, takarda ce kawai.
Duk da haka abinci ya ƙi wuce min wuya a daren,
har suna na raɗa masa a hanyar gida.

Ran Asabar na tarar da kakata Targelia a kasuwa,
ganye da furanni sun kai mata gwiwa,
tukunyar jan shayinta na tururi.
Ba ta taɓa riƙe fensir ba.
Na zuba mata ido: wannan ta cika tafi,
wancan ta ɗiba da yatsu uku,
wani kuwa ta tsinka kaɗan, ta kakkaɓe rabi.
Na ce, "Kaka, me ya sa kike rowar wannan?"
Ta ce, "Shi ne mai cizo.
Kakanki ya sha ɓare ɓawo mai ɗaci a duwatsun nan
don masu zazzaɓi. Kaɗan ya tashe su,
in ya yi yawa kunne ya ɗau ƙara kamar zuma ta shiga.
Ganye bai da laifi, 'yar nan. Hannu ne."

Abin da littafi mai shafi dubu ke ta kewaye kafin ya faɗa,
ita ta faɗe shi tana ƙirga wa wata mata canji.

Na sake zama jarrabawar, ruwa na dukan kwanon rufi.
Tambaya ta huɗu, wani yaron daban, kilo tara.
Na ɗauke shi a hankali, na auna shi sau uku.
Kowa ya miƙa takarda ya fita, ni ina nan.
Na sa ɗigon a mazauninsa,
na danne shi kada ya motsa,
har fensirin ya huda takardar.