Farar Waya

Shagona yana Sabon Gari, bayan layin masu rediyo,
inda warin dalma ke rigan ƙamshin tsire isa hanci.
Ran Talata Ladidi ta shigo
da kwamfuta naɗe cikin tsohuwar atamfa,
ta rungume ta kamar mai dawowa da jinjiri daga Shika.

Ta ce, ta Baba ce.
Shekara ashirin da shida yana buga lissafin iri a Samaru,
wace dawa ta jure fari, wane wake ƙwari suka ƙi.
Ya rasu bayan ƙaramar salla,
ita kuma wannan ta ƙi magana.

Na kwance kusa huɗu.
Akwatin wutarta ya daɗe da ƙonewa,
ciki baƙi ƙirin, har da busasshen kyankyaso.
Uwar allon kuwa ras take,
koriya shar, ko kumburi ɗaya babu.

Na leƙa wajen Ifeanyi neman irin wutarta.
Ya yi dariya har ya dafa kanta:
Oga, wannan ai ta girmi shagona.

Sai na ɗauko sabon yayi.
Haƙoransa ashirin da huɗu a jere,
tsohuwar tana son goma sha biyu, shida nan, shida can.
Na tuna Malam Jatau da ya koya mini aiki,
da rankwashinsa:
baƙaƙe su haɗu a tsakiya, yaro,
in ka juya su, hayaƙi zai ba ka labari.

Ja na zuwa ga ja, biyar kenan.
Rawaya, sha biyu.
Mai ruwan lemo ce ta so yaudara ta.
A bakin tsohuwar, ita ke cewa wuta ta daidaita, tashi.
A bakin sabon, wata wuta ce daban,
saƙon ya koma hannun mai ruwan toka.
Launi ɗaya, harshe biyu.
Na ajiye almakashi, na sha ruwa, na sake dubawa.

Kuma sabon ba ya farkawa don ka danna shi.
Sai koriya ta taɓa baƙa,
kamar mai gidan da ba ya fitowa
sai an yi sallama da sunansa.

Saura fara.
Na ƙirga wayoyin sau uku, babu fara.
Gurbinta na nan, rami wayam.
Biyar ce ta ƙasa da sifili,
masu ƙera na yanzu sun ce ba mai nemanta.
To ga mai nemanta a kan teburina.

Na farke wata matacciyar amfilifaya,
na ciro ɗan ƙarfe mai ƙafa uku,
na ɗebo daga shuɗiya, na rage, na auna.
Mita ta ce biyar saura kaɗan. Na ce ya isa.

Ina kai hannu aka ɗauke wuta.
Muka zauna. Ta ba ni dabino biyu daga jaka.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya yi shiru.
Sai gab da magariba yaran layi suka yi ihu.

Fanka ta juya.
Shiru.
Sannan ƙit, sau ɗaya, siririyar murya.
Faifan ya fara ƙuƙus-ƙuƙus kamar ɓera a rumbu.
Allo ya kawo wata shekara
da ba a haifi ko ɗayanmu ba a cikinta.

Sunaye suka sauko:
DAWA, GERO, WAKE, WAKE2, ALBASHI,
can ƙasa, LADIDI.

Na tura mata madannai.
Ta ɗora yatsa, ta ɗauke.
Ta ce, kar ka kashe, bari in kira Inna.
Ta fita bakin ƙofa inda waya ke kamawa.

Ni kuma na tsaya da hannu kan ɗan ƙarfen nan,
ina jin yadda yake ɗumi,
ina roƙon kada a sake ɗaukewa.