Abin da Teburin Shayi Ya Ji

Teburina yana kallon ƙofar mairi,
shekara goma sha ɗaya ina dafa shayi a nan.
Ni ba mutumin zanga-zanga ba ne,
ƙirga kofi na iya.

Ran Talatar da suka zo
ƙara na fara ji kafin in ga kowa,
kamar kiɗan da aka hana wa maroƙi:
bido ne, rawaya, babu ɗigo a ciki,
mata na dukan su da tafin hannu.
Daga Garin Malam, daga Kara-Kara,
har da na Birni da ba su cika fita ba.
Tsahara mai ƙosai ce a gaba,
ta yi ɗamara da igiyar guga.
Kwana goma sha tara famfo na tarin iska,
bido guda ya kai dala arba'in wajen ƴan ga-ruwa.

A bencina Alhaji Mutari ya taɓe baki:
"Matan da ba su da mafaɗi.
Wani ne ya saye su."
Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa,
shi ke biyan shayin mutum huɗu.

Da rana ta take aka harba hayaƙi.
Wata tsohuwa, Falmata, ta durƙusa gaban tukunyata
tana laluben abin wanke ido.
Bido ya fi ɗari uku a filin nan,
ba wanda zai jiƙa bakin mayafi.
Na tsiyaya mata na butata.
Iyakar abin da na yi ke nan,
kada wani ya ƙara mini.

Laraba rediyo ya ce ƴan tsiraru ne.
Alhamis Kiyari mai gyaran agogo
ya ajiye kofi, ya ce a hankali,
"Tsohuwar nan uwar matata ce."
Benci ya yi tsit.
Juma'a liman ya tsawaita a kan ƙishirwa,
bai kama suna ba, amma sahun gaba ya sunkuya.
Asabar Alhaji Mutari ya ce,
"Ai ni tun farko na faɗa, matan nan da gaskiyarsu."
Na ƙara masa sukari.

Haka na ga ra'ayin gari yana juyawa,
kamar ganyen shayi: ba ka ganin sa'ar da ruwa ke rina,
sai dai ka duba ka tarar ya yi ja.

Sai takarda ta fito a allon mairi, da hatimi biyu.
Motar tanki za ta zaga unguwanni.
An ƙayyade kuɗin bido a bakin famfo.
An kafa kwamiti, mutum goma sha huɗu,
duka masu hula.
Tsahara an kira ta ranar ɗaukar hoto,
aka ce ta tsaya daga gefe, ta riƙe bidonta da kyau.

Da zaɓe ya matso
jam'iyya uku suka zana bido a tutarsu.
Har wanda ya leƙo ta taga ranar hayaƙi
ya hau mota yana rantsuwa da ƙishirwar Damagaram.

Yanzu ruwa na zuwa, ban ce ba ya zuwa ba:
sau biyu a mako, ƙarfe ukun dare,
siriri kamar zaren ɗinki.
Motar tankin ta mutu tun bara a hanyar Mirya.
Tsahara na kwana zaune a layi
kafin ta je ta hura wutar ƙosai.

Amma akwai bido guda rataye a ƙofar gidanta
da ba ta taɓa cika shi ba.
Na tambaye ta, ta ce,
"Wannan ba na ɗiba ba ne, na magana ne."

Jiya wani yaro ya wuce nan
yana shurin tsohon bido a kan kwalta,
wasa kawai yake.
Ina ɗauraye kofi, na ɗaga kai.
A benen mairi
labule uku suka motsa.