Buhu Mai Hoton Giwa

Shekara bakwai na yi a ƙasar Tailan.
Yau ga ni a fadamar Auyo, laka har ƙauri,
ina tuge kacalla daga bakin magudana,
'ya'yan Mati na bina da tambaya
sai ka ce ƙasar na dawo da ita a aljihu.

To, me zan ce muku?
Abin da na fara koya, tuɓe takalmi.
Ƙofar gida, ƙofar shago, har ofishin mai injin casa,
silifa a jere kamar bakin masallacin Juma'a.
Sai kuma layi.
Duk kwana casa'in in ɗauki fasfo
in je in shaida wa hukuma ina nan, ban ɓata ba,
a danna mini hatimi, in dawo da yunwa.
Ko Asabe da ta haife ni
ba ta ƙirga kwanana haka ba.

Harshensu ɗan'uwan namu ne wajen ɗana tarko,
irin na wuyan riga da wuyar rayuwa.
Kalma guda ce: ka sako ta daga sama, shinkafa,
ka kwantar da ita, labari.
Wata uku ina roƙon tsohuwa Lamai
ta zuba mini labari a kwano, da romo.
Ta yi dariya har ta dafa bango,
sannan ta ware tukunya ɗaya wadda alade bai taɓa ba,
ta ɗaura mata koren zare a kunne,
ta ce wannan ta Haladu ce.
Har yau in na ga koren zare
sai miyau ya tsinke mini, ido ya biyo baya.

Siyasa kuka ce?
Na ga masu jar riga, na ga masu ruwan ɗorawa,
na ga motar yaƙi tsaye a mararraba,
mai gasa ayaba na ba da canji a inuwarta.
Wirat, abokin aikina, in hira ta kusanci wani suna
sai ya ɗaga kai ya dubi fanka
ya ce bana zafi ya yi yawa.
Na gane, na haɗiye tawa.
Mu kuwa a teburin Ilu mai shayi
mukan wanke kansila tas, tun daga kakansa,
ba mai kama mu,
ba kuma mai jin mu,
kwalbatin bayan gari damina huɗu ke nan a karye.
Kada ku ce in zaɓa.
Bakina nan yake so ya tsufa.
Gonata ce ba ta yarda ba,
ta ji labarin inda ruwa ke zuwa
ranar da aka ce zai zo.

Amma ku tsaya, ga wanda ban gaya wa kowa ba.

Ran kasuwar Gujungu na kai buhu goma sha biyu,
Barau dillali ya taya, na sallama.
Da la'asar na zagayo neman igiyar injin ban-ruwa,
sai ga shinkafata. Na san ta.
Yadda uwa ke sanin ɗanta ko an yi masa aski.
An juye ta a farin buhu mai hoton giwa,
ana kirari: 'yar Tailan, 'yar waje, ba tsakuwa!
Kuɗinta ya kusa ninkawa tsakanin azahar da la'asar.

Duk faɗin kasuwar nan
ni kaɗai ke iya karanta abin da ke jikin buhun.
Na durƙusa, na bi baƙaƙen da yatsa,
masu lanƙwasa kamar ƙugiyar masunta.
Abincin kaji, kilo hamsin.
A ajiye a busasshen wuri.

Ban tona ba.
Na damƙi tsaba kaɗan na shinshina,
ƙanshin lakar Auyo bai bar ta ba.
Na ce mata a hankali, da harshen can,
sannu da baƙunta.
Ni ma na taɓa zama a buhun wasu.

Yanzu ku miƙo mini laujen nan,
rana na gudu, jan-baki sun fara sauka.