Sabo Dal, Shekara Goma Sha Ɗaya

Ran Lahadi na gangaro daga tudu,
kwali a hammata, gwiwa tana ƙara.
Valparaíso ba ta gama farkawa ba,
jiragen ruwa na hamma a tasha,
karnukan titi suka raka ni har kasuwar gwanjo.

Na shimfiɗa tsohon bargo
kusa da mai sayar da makullan da ƙofofinsu suka ɓata,
na zaunar da shi a tsakiya kamar ango:
injin huda bango, mara waya,
launin ruwan ƙwai, ko ƙwarzane babu,
takardar bayaninsa a naɗe yadda ta zo,
rasit ya koɗe har kuɗin ya gudu daga kansa.

Na saye shi shekarar da ƙasa ta motsa
ta kayar da kantar Herminia,
kofuna tara suka mutu a dare ɗaya.
Na ce mata, "Bari Asabar ta zo."
Asabar ta zo, ta gaishe mu, ta wuce.
Ta turo ƙannenta ɗari biyar da 'yan kai,
kowacce na tare ta a bakin ƙofa:
yau baya ke ciwo, yau ana ƙwallo, yau ruwa ake.
Herminia ta daina tambaya.
Ta jera sauran kofunan a kan taga,
shirunta ya fi guduma nauyi.

Masu wucewa su ɗaga, su jinjina, su ajiye.
Wani mai hular ulu ya ce, "Kakan injuna ke nan."
Na ce, "Sabo ne dal."
Ya ce, "Baba, ni ma ban taɓa aure ba,
amma dubi furfura."

Rana ta take tsaka sai ga Rayén,
garin katako a girarta,
fensir a bayan kunne.
Ba ta tambayi kuɗi ba, ta danna kunama.
Shiru.
Ta sake dannawa.
Shirun dai, irin na gidana.

Ta karanto sunana a jikin kwali.
"Don Eleuterio, batirin ya mutu cikin barci,
kamfanin ma ya manta ya taɓa haifar irinsa.
Abin da aka ajiye shi ma yana tsufa,
sai dai ba shi da labarin bayarwa."

Na ce peso dubu talatin. Ta yi dariya.
Ta taya takwas. Na ce albarka.
Ta ce sai ta farke cikinsa
ta dasa masa sabuwar zuciya,
aikin dare biyu, ban da kuɗin dalma.
Na dubi tudun da zan koma da kwali,
na dubi gwiwata,
na sallama a goma.

Ta juya ke nan, bakina ya riga ni:
"Nawa kike kafa kanta?"
"Sha biyu. Kusoshi naka."

Ran Talata ta zo, ba Asabar ba.
Ina riƙe mata da katako a kicin
na ji muryarsa karon farko,
'yar ƙara siririya, kamar ƙudan zuma a kwalba.
Huda huɗu. Minti shida.
Garin bango ya zubo mini a kan takalmi.

Herminia ta kwaso kofuna daga taga,
tana goge musu gishirin teku ɗaya bayan ɗaya.
Ba ta dube ni ba ta ce, "Ka faɗi dubu biyu."
Na ce, "Na sani."
Ta zuba wa Rayén shayi a kofin baƙi,
ni kuwa ta miƙo mini mai guntun hannu.