Bayan Allo

Garwa, watan Afrilu, da sassafe,
kwanon rufi bai fara huci ba tukuna.
Muka sauke allunan filako talatin da biyu,
tun daga Duwala suke tafe,
jirgin ƙasa ya kai su Gaundare, tirela ta ƙarasa.
Biyu sun iso da karyayyen kunne.
Maigida Hamajoda ya shafa gefensu da yatsa,
ya ce, "Waɗannan na sito ne, can ba mai ɗaga kai."

Tiyo mai ruwa ba ya ƙarya.
Ni a wannan kusurwa, Tanimu a waccan,
"Sama kaɗan! Ƙasa! Tsaya nan!"
Magini ya rantse bangonsa miƙe yake kamar kibiya.
Zare mai shuɗi ya mari bangon sau ɗaya,
sai ga tumbi ya bayyana.
Ba mu ce masa uffan ba.
Abincinmu ke nan, gyara karkatar wani a ɓoye.

Muka jera ƙarafa, santi sittin tsakaninsu,
sannan aka zo ɗaga allo.
Wanda bai taɓa tallafe shi da ka ba
bai san takarda da farar ƙasa suna da nauyi ba.
Wuyana ginshiƙi, tsohuwar riga gammo,
hannuwa sama kamar mai roƙon ruwa.
Inji yana kuka a gindin kunnena,
farin gari yana zuba cikin ido.
"Kar ka motsa!"
To ina zan motsa?

Sukuru sai ya kwanta daidai da fuskar allo.
In ya nutse, ya yaga takarda,
in ya ɗago kai, cokalin mai filasta zai ci tuntuɓe,
jibi a zage mu har kakanni.

Da azahar aka ɗauke wuta.
Muka zauna kan buhun siminti,
kifin Binuwai da yaji a takardar jarida,
gira fari, gemu fari,
Dudu mai kifi ta ce mun tsufa tun safe.

Akwai abin da ba a faɗa wa mai gida:
bayan kowane allo mun bar rubutun fensir.
Lissafin mita da aka soke aka sake,
lambar wata yarinya da Tanimu ke tsoron mantawa,
jaka uku da nake bin Hamajoda.
A allon falo na rubuta Asabe,
'yata, kwananta goma sha ɗaya a duniya.

Saura allo ɗaya a kusurwar gabas
muka ji ƙara, ciu, ciu.
Tsattsewa ta yi sheƙa jikin katakon rufi,
bakuna uku a buɗe, jajaye.
Hamajoda ya daɗe a kan tsani yana kallo.
Da mai gida ya zo da yamma yana kaɗa makullin mota,
sai ya ce masa, "Alhaji, sukuru sun ƙare,
irinsu sai an aiko daga Marwa."
Ga kwali cike a aljihun Tanimu.
Kwana tara Marwa ba ta aiko ba.
Ran na goma sheƙa ta wayi gari ba kowa,
muka rufe, inji ya yi kukansa na ƙarshe.

Mai filasta zai zo ya shafe mahaɗa,
mai fenti ya zo, shi za a yaba.
Baƙi su ɗaga kai su ce, "Kai, sumul!"
Ba wanda zai tambayi wuyan da ya riƙe.

Da dare na koma ɗakina a Yalwa,
kwano tsirara, zafin yini bai sauka ba.
Na kwanta ina ƙirga tsoffin hujin ƙusa,
uwar Asabe tana yi mata fifita.
Ta ce, "Namu fa, sai yaushe?"
Na ce, gutsattsarin da suka rage ina tarawa,
sun kusa rufe daidai inda take kwana.