Ruwan Da Ya Ƙi Kai Ɗari

Ranar Laraba, darasi na uku,
Malama Eulalia ta shigo da risho a hammata,
buta a hannu, ma'aunin zafi nannaɗe cikin safa
kamar jaririn da ake gudun sanyi ya taɓa.
Mu talatin da ɗaya ne, ban da Wilber,
kwalekwalen tsibirinsu bai iso ba,
tafkin Titikaka ya tashi da fushi tun asuba.

"Ku buɗe shafi na arba'in da biyu."
Muka buɗe. Ga shi nan, baƙi a kan fari:
ruwa yana tafasa a digiri ɗari.
Muka maimaita da baki ɗaya har sau uku.
Hilario, da ke gyangyaɗi a bencin baya,
shi ma ya ce "ɗari" bai buɗe ido ba.

Aka kunna wuta. Muka matso kamar kaji,
rabi don ilimi, rabi don yatsunmu da suka ƙage.
Rosmery ce ta riƙe ma'aunin, tana ƙirge:
hamsin, sittin,
saba'in da biyar,
jan layi na hawa kamar ɗan akuya a kan dutse.
Tamanin da bakwai.
Murfin buta ya fara rawa,
tururi ya rufe tabaran Malama,
ruwa na ta ɓalɓala, yana neman zuba.
Tamanin da bakwai.
Jan layi ya cije, ya turje kamar jaki a bakin gada.

"Ya lalace," in ji Hilario, barci ya wartsake.
"Ba ni na yar da shi ba!" Rosmery ta kusa kuka.
Aka ƙara wuta. Aka jira. Aka girgiza.
Tamanin da bakwai, ko gezau.

Malama ta goge tabarau da gefen mayafi,
ta ce, "To, wa ya yi ƙarya, littafi ko buta?"
Aji ya yi tsit, ana jin kukan risho.

Sai ga Wilber, takalmi sharkaf, yana ƙarnin kifi.
Ya tsaya a ƙofa, ya ji tambayar, ya sosa ƙeya:
"Kakata ta ce wake a nan sai ya wuni a wuta,
amma a Lima, inda yayana yake gini,
kafin ka gama hira ya nuna."
Aka kwashe da dariya. Malama ba ta yi ba.

Ta ɗauki alli ta zana teku a gindin allo,
ta ja dutse har inda hannunta ya kai,
ta ɗiga ɗigo a can bisa: "Ga mu nan, Puno.
Wannan littafi a bakin teku aka buga shi.
A can, iska tana danne ruwa kamar tafin hannu a kan murfi.
Mu mun yi sama, hannun ya yi sako-sako,
shi ya sa ruwanmu ke guduwa da wuri."

Na dubi shafin. Littafin gwamnati ne,
an hana mu ko da ɗigo a ciki.
Na kare shi da gwiwar hannu,
na rubuta da fensir, ƙanana, a gefe:
"Ban da a garinmu. Tamanin da bakwai. Nayra ta gani."
Wanda zai gaje shi baɗi, ya gwada da kansa.

Ruwan bai tafi a banza ba.
Malama ta jefa ganyen shayi a buta,
kofi uku suka zaga baki talatin da biyu,
Hilario ya kurɓa sau biyu, kowa ya gani.

Da yamma na tarar da Inna tana fere dankali.
Na ba ta labarin iska da murfi da teku,
har na zana mata dutsen a cikin toka.
Ta leƙa tukunya, ta leƙa zanen,
ta ce, "Ashe shi ya sa.
Miƙo mini gishiri."