Maƙogwaro Ɗaya

Dakata da na'urar, yaro, in ƙarasa kokon nan.
To, kunna.

Sunan yanka Labaran.
Lantarki kuwa 'yan rawa suka raɗa mini
a wani gida bayan tashar jirgin ƙasa,
shekarar da aka sauke tutar Ingila.
Wai in na buɗe baki
ƙafa ba ta shawara da mai ita.

Faifan farko wani ɗan kamasho ya kawo daga Takoradi,
naɗe cikin tsumma kamar kayan sata.
Ban ji Turancin ba. Ihun na ji.
Na ce, ai na san wannan,
luguden Inna ne,
taɓarya a sama, tafi uku kafin ta dawo turmi.
Wani ɗan'uwa ne can ƙetaren teku
ya aiko mana kayanmu cikin sabon ƙunshi.

Mahaifina farken goro ne, ba ya maimaita magana.
Ran da ya iske jitar a ƙarƙashin gado
bai ɗaga murya ba.
Taku ɗaya ya yi mata,
ya kwance wayoyin nan shida, ya ɗaure huhu da su.
Ka ga kiɗana ya riga ni zuwa Kano,
a bayan mota, rungume da goro.

Da na bi sawunsa daga baya
Kanawa suka ce Hausata ta sha ruwan kurmi.
A Kejetiya kuma Tonawa na kira na baƙo,
ni da aka binne cibiyata a Aboabo.
Kan dandamali kaɗai
ba a taɓa tambaya ta garinmu ba.

Kana so ka ji ko na tuba.
Na tuba daga kwalba.
Na tuba daga ƙaryar da na yi wa Adiza shekara huɗu,
da asubar da ta same ni kwance a bakin kwata
ana kiran salla ta bisa kaina.
Murya kuwa aro ce.
Ba a tuba daga aro, mayarwa ake yi.

Wata damina Malam Gariba ladan ya kwanta ciwo.
Ba lasifika, ruwa na dukan kwano kamar ya biya kuɗi.
Liman ya waiwaya, ya ƙare wa sahu kallo,
ya ce, kai mai ihu, tashi.
Wasu sun yi tsaki. Na ji su.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina mayar da aron, sau biyar a yini.

Hukuncin kiɗa na bar wa masu littafi,
ni ko Ishiriniya ban haddace ba.
Abin da na sani,
numfashin da ke kai kiran asuba har Asawase
a gidan rawa na koyi tara shi.
Tulu ɗaya ne. Na wanke shi, ban fasa ba.

Dubi ƙafar nan.
Da injin niƙan maƙwabta ya tashi
sai ta kama motsi a ƙarƙashin riga.
Alwala nawa na yi mata? Ta ƙi mantawa.
Ranar da gaɓɓai za su yi magana
na san ba za ta rufa mini asiri ba,
za ta faɗi hanyar bayan tasha.
Fatana ta tuna da matakalar hasumiya,
ashirin da bakwai ce, ta ƙarshe a karye.

Kashe abin nan haka, rana ta karkata.
Miƙo mini butar.